Zabo da Tsibin Ƙaiƙayi

An yi wani Zabo a wani ƙauye na dabbobi da ake kira Tudun Aduwa. Ba mugu ba ne, ba kuma malalaci ba. Aibinsa ɗaya ne: yana son a riƙa cewa yana da hali. In aka gaishe shi da sunansa kawai, sai ya amsa a daƙile ya wuce. In kuwa aka ce masa mai wadata, sai ya tsaya ya karkaɗe fiffike, ya tambayi lafiyar gida har da ta dangi na nesa.

Danga ɗaya ce ta raba gidansa da na Bushiya. Ita Bushiya bakinta ya fi ƙayar jikinta tsini, amma ba ta iya cin abinci in ta san wani na jin yunwa. Abokan wasa ne tun iyaye da kakanni. Tana kiransa Sanƙo, don kansa ba gashi, shi kuma yana kiranta Dunƙule, don da an taɓa ta sai ta naɗe. Tun da matar Zabo ta rasu, babu mai gaya masa gaskiya sai ita.

Na ukunsu shi ne Burtu, mai unguwar garin. Tsoho ne mai tafiya a hankali, ba ya aiki da abin da aka ce, sai abin da idonsa ya gani.

Garin nan yana da wata al'ada da ake kira damin rufin asiri. Dabbobin Tudun Aduwa ba su son roƙo ko kaɗan, saboda haka kakanninsu suka shirya yadda za a taimaki wanda gonarsa ba ta yi ba, ba tare da ya buɗe baki ba. Kowa a ƙofar gidansa yake zuba ƙaiƙayin hatsin da ya sussuka. Idan kaka ta ƙare, sai mai unguwa ya zaga gari yana duban ƙofofi.

Inda ya ga babban tsibin ƙaiƙayi, sai ya tsaya shiru, maigidan ya fito da dammunan gero gwargwadon girman tsibinsa. Inda ya ga madaidaici, sai ya gaisa ya wuce. Inda kuwa ya ga ƙofa a share ba komai, sai a jingina dami a jikin danga a tafi. Ba a tambaya, ba a godiya, ba a kuma sake tayar da maganar.

A wata shekara ruwa ya yi yawa. Gonar Zabo a fadama take, can bayan rafi inda ba kowa ke bi ba. Ambaliya ta kwanta a kanta har geron ya ruɓe a tsaye. Abin da ya tsira bai wuce 'yan dammuna daga gefen tudu ba. Zabo ya zaɓi zangarkun da suka fi cika, ya ɗaure su daban, ya rataye a cikin ɗaki, don su ne irin da zai shuka baɗi. Sauran kuwa, ko ya yi tsimi yaya, ba za su kai shi damina ba sai an ƙara masa.

Ta bayan gida ya shigo da su, amma Bushiya ta gan shi ta kafar danga.

"Sanƙo, na ga girbin bana," in ji ta. "Ɗauki tsintsiya ka share ƙofarka tas, ka shiga ɗaki ka zauna. Baba Burtu zai yi abin da ya saba."

"Ƙofar wa? Tawa? Ubana ba a taɓa jingina masa dami ba, kakana ma haka. Sai a kaina za a fara?"

"Ubanka a tudu ya yi noma. Kai ne ka ga fadama ka ce ta fi kyan gani."

"Ke dai ji da naki, Dunƙule. Wadda ko gwiwata ba ta kai ba, ita za ta koya mini zaman duniya?"

Bushiya ta ce tsawon ƙafa ba ya cika ciki, ta koma gindin murhunta tana ƙunƙuni.

Zabo ya zauna ya yi tunani, ya ga kamar ya sami dabara. Ba ya son a jingina masa, ba shi kuma da abin bayarwa. Ashe ke nan ɗan madaidaicin tsibi yake bukata, wanda Burtu zai gani ya gaisa ya wuce. Maganar abin da zai ci kuwa, ya ce sai a bari lokacin ya zo.

Da tsakar rana, sa'ad da kowa ya shige inuwa, sai ya ɗauki kwando ya nufi masussukar bayan gari, inda masu gonakin nesa kan sussuke hatsinsu su bar ƙaiƙayin. Ya cika kwandon, ya kawo ya zube a ƙofarsa, ya baza shi da ƙafa don ya yi kamar ya daɗe a wurin.

Da ya tsaya nan, da labarin bai yi tsawo ba. Amma da la'asar wata Kurciya ta zo wucewa, ta dubi ƙofar, ta ce masa sannu da arziki, bana kam ya noma. Maganar nan ta yi wa Zabo daɗi har cikin ƙashinsa. Rabon da wani ya yaba masa tun matarsa na da rai.

Washegari ya ƙara kwando. Rana ta uku ma ya ƙara. Kullum in ya dubi tsibin sai ya ga kamar na wani ya fi shi, sai ya sake komawa masussuka. Kafin a jima tsibin ƙofarsa ya kere na kowa a unguwar, har yara na hawa suna gangarowa.

Sai kuma ya ga bai dace mai irin wannan tsibi ya zauna da tsohon rumbu ba. Ya samo kara da zana, ya ɗaura sabon rumbu dogo a inda kowa zai hango daga hanya, ya yi masa jinka mai kyau da tukku a ƙoli. Bai sa komai a ciki ba, don 'yan dammunan nasa a ɗaki suke.

Da safe yakan zuba ƙaiƙayi a turmi ya yi ta luguden taɓarya, don a ji ana daka a gidan. Da yamma ya shafa man kaɗe a baki har ya yi ƙyalli, ya shimfiɗa tabarma a gindin tsibin, ya zauna da tsinke yana sakace.

Bushiya ta leƙo ta dube shi sama da ƙasa.

"Sanƙo, me kake sakacewa, kai da Allah bai ba ka haƙori ko ɗaya ba?"

"Nama ne ya maƙale."

"A ina ya maƙale?"

"Ke da ba ki saba cin nama ba, ina za ki sani?"

Ta ce masa ita ta san ƙarar turmi mai hatsi, ta kuma san ta wanda ba shi da komai, nasa kuwa kullum safiya kuka yake yi. Ta roƙe shi, tun zagaye bai zo ba, ya bari ta taya shi kwashe ƙaiƙayin nan su mai da shi inda ya ɗebo. Zabo ya juya mata baya, ya ce hassada ce ke cin ta.

Da ta ga ba zai ji ba, sai ta tafi wurin Burtu. Ta gaishe shi, ta yi ta kewaye-kewaye, ta ce akwai ƙofar da in ya je ya kamata ya duba da kyau, don ba kowane tsibi ne daga gonar mai shi ya fito ba. Burtu ya saurare ta har ta gama.

"'Yata," in ji shi, "ni ƙofa nake duba, ba na karɓar magana. Ran da na fara jin abin da maƙwabci ke faɗa a kan maƙwabcinsa, ran nan asirin kowa ya tonu, al'adar kuma ta mutu. Wanda ba shi da shi ya san inda tsintsiyarsa take."

Bushiya ta san gaskiya ya faɗa. Ta koma gida.

Ranar zagaye ta zo. Burtu na gaba yana takawa a hankali, masu ɗaukar dammuna na biye, 'yan kallo na bayansu. Suka karɓa a nan, suka jingina a can, har suka iso ƙofar Zabo. Burtu ya ɗaga kai ya dubi tsibin, ya dubi sabon rumbun, sai ya tsaya shiru.

A nan ne Zabo ya gane kuskurensa. Shi duk ya manta cewa babban tsibi bayarwa yake jawowa. Ya shiga ɗaki ya fito da dami ɗaya ya ajiye. Burtu ya dubi damin, ya dubi tsibin, bai motsa ba.

Zabo ya koma ya ƙaro. Burtu bai motsa ba. Ya sake komawa. Bushiya na ta tari a bayan danga, tarin da ba na mura ba. Haka Zabo ya yi ta shiga yana fita har ɗakin ya zama fili, ba abin da ya rage sai irin nan da ke rataye.

Da ya juya zai sake shiga, sai ya tarar Bushiya ta biyo ta ƙarƙashin danga, ta dunƙule a bakin ɗakin, ƙayoyinta a miƙe.

"Kauce mini," ya ce da ita ƙasa-ƙasa.

"Ba zan kauce ba. Wannan irinka ne. In ka bayar, me za ka shuka?"

"Kauce, Dunƙule, ana kallona."

"A kalle ka mana. Fita ka gaya wa Baba gaskiya, yanzu ma bai ɓaci ba."

Zabo ya buɗe fiffike ya tsallake ta. Ya sauko da irin, ya fito da shi, ya ɗora a kan sauran.

Burtu ya ɗan ƙara jira. Da ya ga ba abin da zai sake fitowa, sai ya girgiza kai ya wuce. Masu ɗauka suka kwashe. Zabo na tsaye yana jin abin da 'yan kallo ke faɗa a tsakaninsu: wai mai tsibi kamar wannan, da rumbu kamar wancan, ɗan abin nan kawai ya iya bayarwa? Ashe Zabo marowaci ne. Ya bayar da duk abin da ya mallaka, abin da ya samu ke nan.

Rani ya shiga. Zabo ya riƙa fita bayan gari yana tonon 'ya'yan ciyawa, in ya dace ya kama fara. Bai daina dakan safe ba, sai dai taɓaryar ta fara yi masa nauyi, ƙarar na fita da rauni. Bushiya ta kawo masa tuwo, ya ce yanzun nan ya gama ci, ko ruwa ba shi da wurin sawa.

Sai ta sake dabara. Ta riƙa miƙo akushi ta saman danga tana cewa ya ɗanɗana mata, ita tana jin tuwon bai nuna ba, shi kuwa ya san abinci mai kyau. Zabo ya karɓa don taimako, ya yi ta ɗanɗanawa har ya ga gindin akushin.

"Gishiri ya yi kaɗan," yakan ce. "A gidana ba a yin miya haka."

"Ayya, ranka ya daɗe, gobe zan gyara."

Washegari kuma ta sake miƙowa. Ba wanda ya taɓa cewa komai a kai. Amma rumbun Bushiya ƙarami ne, an yi shi ne don ciki ɗaya. Kafin bazara ta yi nisa, su biyun duka sun rame. Zabo ya lura ƙayoyinta sun daina sheƙi, ya kuma san dalili. Yakan zauna a ɗaki shi kaɗai yana duban igiyar da irin ya taɓa ratayewa a jiki.

Wata rana da ta miƙo akushin, sai ta ce masa ba da wasa ba: tuwo za ta iya raba masa har ranar da nata ya ƙare, amma iri kam nata bai wuce na gonarta ba. Ga gizagizai sun fara taruwa a gabas. In ruwa ya sauka bai shuka ba, baɗi sai ta fi bana muni. Zabo ya ce ta bar shi, yana da shiri. Ba shi da wani shiri.

Ba a daɗe ba sai ga hadarin farko, da la'asar. Kafin ruwa sai iska ta taso da ƙarfi. Rumbunan gari duka suka tsaya daram, don kowanne da sauran nauyi a cikinsa. Na Zabo kuwa iska ta ɗaga shi daga kan duwatsun da ya zauna, ta kwantar da shi, ta shiga mirgina shi a kan hanya kamar kwando.

Zabo ya bi shi da gudu yana kiran ya tsaya. Rumbu bai tsaya ba sai a gindin tsamiyar tsakiyar gari, inda dabbobi suka fake tare da mai unguwa. Ya bugi tsamiyar, jinkar ta fice, bakinsa ya buɗe yana duban jama'a. Ba abin da ya fito sai wani ƙadangare, yana tangaɗi saboda jiri.

Yara suka fara dariya, manya suka tsawata musu. Burtu ya taka a hankali, ya zura dogon bakinsa a cikin rumbun, ya daɗe yana dubawa. Ko ƙwaya ɗaya ba ta taɓa kwana a ciki ba.

"Tun yaushe?" ya tambaya.

"Tun ambaliya, Baba."

"Dammunan da ka ba ni fa?"

"Su ke nan. Har da iri."

Duk wanda ke wurin ya ga abin ya taɓa Burtu.

"Na tsaya a ƙofarka ina jira ka ƙaro, ina cewa rowa kake yi," in ji shi. "Ka sa ni da kaina na kwashe abincin mai yunwa. Ɗana, an raba, an cinye, ba ni da abin da zan jingina maka. Ga ruwa ya kusa sauka. Abin da ya rage maka shi ne wanda ba a taɓa yi ba a garin nan: ka bi gida gida, ka roƙi iri da bakinka."

Hadarin nan bai zubar da ruwa ba, iska ce kawai. Washegari da safe Bushiya ta shigo gidan Zabo da ƙoƙo, ta same shi ya cusa kai a fiffike. Ya ce shi ya haƙura da noman bana, gara ya bar garin.

"Ka bar garin ka je ina da wannan sanƙon?" in ji ta. "Tashi. Fara da ni, tunda ni ka raina."

Zabo ya karɓi ƙoƙon. Ya gyara murya, ya ce yana son ya gwada irin maiwarta ne ya ga ko ta kai tasa. Bushiya ta ce ba ta ji ba. Ya ce to, musanya za su yi zuwa kaka. Ta ce har yanzu kunnenta bai buɗe ba. Ya dubi ƙasa, ya dubi ƙoƙon, sannan ya ce:

"Dunƙule, ba ni da iri. Ki taimake ni."

Ta kwance bakin zanenta ta zuba masa maiwa, tana jan hanci, tana cewa hayaƙin murhu ne ya shige mata ido.

Suka fita tare, ita a gaba. A kowace ƙofa Zabo zai yi sallama ya faɗi kalmomin nan da bakinsa. Da ya gama kuwa, kafin kunya ta danne shi, sai Bushiya ta hau shi da faɗa, wai ya karkatar da ƙoƙon, wai tsayuwarsa kamar ta mai jiran kiɗa. Shi ma ya rama. Masu gida su yi ta dariyar rigimarsu, su shiga su ɗebo abin da ya sawwaƙa.

Ba wanda ke da rarar iri mai yawa a wannan lokaci. Wani ya ba da ɗan gero, wata ta ba da kaura, wani wake, wata riɗi, wani gujiya. Akwai waɗanda suka ɗan yi masa ba'a, amma ba gidan da ya fito hannu wofi. Duka a ƙoƙo ɗaya aka zuba, suka cakuɗe. Burtu kuma ya yanka masa wani fili a tudu, a bakin hanyar rafi.

Da yammacin ranar ruwa ya sauka sosai. Babu lokacin tsince iri a ware kowanne daban. Da gari ya waye Zabo ya yi ta saran rami yana jefa abin da ya zo, Bushiya na biye tana rufewa tana mita.

Gonar ta fito, kuma ba a taɓa ganin irinta a Tudun Aduwa ba. Ga kaura ta yi tsawo, ga gero a gefenta, wake ya naɗe su duka biyun, riɗi na fure a tsakani, gujiya ta shimfiɗa a ƙasa. Duk mai zuwa rafi sai ya tsaya ya nemi nasa. Wannan ta ce ga waken gidansu can, wancan ya ce kaurar nan tasa ce, a dubi kaurin karanta.

Da farko in Zabo ya ji muryoyi sai ya shige cikin dawa ya laɓe. Gona ce da ke faɗa wa kowa cewa mai ita ya yi roƙo, ba kuma yadda zai ɓoye. Amma masu tsayawar ba dariya suke yi ba. Wani ya cire masa ciyawa a gindin geron da ya ce nasa ne, wata ta gyara wa wakenta hanya. Sannu a hankali Zabo ya fara fitowa yana amsa gaisuwa.

Kafin kaka, in baƙo ya biyo hanyar, Zabo ne da kansa ke tare shi. Ya karkaɗe fiffike, ya zaga da shi gonar tun daga wannan gefe har wancan, yana nuna masa wannan daga gidan wane, wancan daga gidan wance, yana tambayarsa ko a garinsu akwai mai gonar da gari guda ya ba shi iri.

Bushiya na zaune a gefen hanya tare da Burtu, suna kallo.

"Baba, ka ga Sanƙo," in ji ta. "Roƙon ma da ya yi, sai da ya sami abin taƙama a ciki."

"Bar shi, 'yata," in ji Burtu. "Wannan karon abin da yake nunawa yana nan."

Darasin wannan labari shi ne, mutane abin da ka nuna musu suke gani, kuma da shi suke auna ka. Wanda ya yi ado da alamun wadatar da ba shi da ita, shi da kansa yake korar masu son taimakonsa, har ma a ɗora masa nauyin da ba zai iya ɗauka ba. Rashi ba abin kunya ba ne, yana iya samun kowa a shekarar da ruwa ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Yara, in ya same ku, kada ku wahalar da kanku wajen ɓoye shi. In kuma kuna da aboki mai gaya muku gaskiya ko da da tsiwa ne, ku riƙe shi da kyau, don irinsa ba su da yawa, kuma ba a sanin darajarsu sai an tsufa.